Malam Kong Na Ƙasar Sin: Addini Ya Zo Da Shi Ko Ladabi?

Ya ku 'yan makaranta, kun sha jin manya suna cewa a nemi ilmi ko da a Birnin Sin ne. Malaman hadisi sun raunana wannan magana, amma ita ce ta sanar da Bahaushe sunan ƙasar tun bai taɓa sa ido ga mutum ɗaya nata ba. Yau kuwa Sin ta matso kusa. A 1964 waɗansu attajiran Sinawa daga Hong Kong suka kafa masaƙa a Kakuri, ƙetaren kogin nan namu. Jirgin ƙasan da ya fara tashi daga Rigasa zuwa Abuja a 2016 kuma, kamfanin Sinawa ne ya shimfiɗa masa hanya. Aikin hannunsu dai mun gani, amma abin da suka gāda daga kakanninsu, kaɗan daga cikinmu suka san shi.

Rannan ina ba da darasin labarin ƙasa, na ambaci babban malaminsu, wanda Turawa ke kira Konfushiyas. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, shi ne annabinsu?" Kafin in buɗe baki sai na kusa da shi ya ce, "Ina! Ai gunkinsu ne." Na ce su yi haƙuri, amsar ta fi ƙarfin darasi ɗaya. Gama tambayar nan ba yara kaɗai ta dama ba. An yi kusan shekara 300 sarakuna da limamai da shaihunan malamai suna ja-in-ja a kanta, har ta kai aka rufe majami'u, aka kori mutane daga ƙasa. Shi ya sa na ga ya kamata in warware muku ita a wannan shafi.

Asalinsa

Sunan gidansu Kong. Mabiyansa suka riƙa ce masa Kong Fuzi, watau Malam Kong, daga nan Turawa suka lanƙwasa sunan ya dace da harshen Latin. An haife shi a shekara ta 551 kafin haihuwar Annabi Isa, a wata ƙaramar ƙasa da ake kira Lu, kusa da garin Cufu, cikin lardin Shandong na yau. Ku tuna shekarun wancan zamani baya baya ake ƙidaya su. Ubansa ya rasu yana ɗan shekara uku, uwarsa ta rene shi cikin talauci. Da ya tasa ya yi aikin malamin rumbu yana lissafin hatsi, ya kuma yi aikin lura da garke.

Zamaninsa zamanin hargitsi ne. Babban sarki na gidan Jou yana nan da suna kawai, hakimai sun zama sarakunan kansu, wannan ya kai wa wancan hari, bafade ya kashe ubangidansa, ɗa ya tuɓe ubansa. Malam Kong ya duba ya ga mayaƙa sun yi yawa, horo ma bai yi kaɗan ba, kunya ce ta ƙare. Sai ya duƙufa ga littattafan mutanen dā, na waƙoƙi da na tarihi da na ladubban biki da makoki, ya tara almajirai. Ba ya korar kowa saboda asali. Wanda ya kawo ɗan ɗaurin busasshen nama ya biya kuɗin makaranta ke nan. Ana cewa almajiransa sun kai 3000, 72 daga ciki suka ƙware.

Yana da shekara hamsin da 'yan kai aka naɗa shi mai kula da shari'ar masu laifi a Lu. Bai daɗe ba. Masu tarihin Sin sun ce maƙwabtansu na ƙasar Ci sun ji tsoron kada Lu ta yi ƙarfi, sai suka aiko da kyautar dawaki da 'yan mata 80 masu rawa. Masu mulkin Lu suka shagala, har kwana uku ba a yi zaman fāda ba. Malam Kong ya bar gari a 497. Ya yi shekara 13 yana yawo ƙasa ƙasa, yana neman sarki ɗaya tak wanda zai yi aiki da shawararsa, bai samu ba. An tsare shi, an yi masa barazana, akwai lokacin da guzuri ya ƙare musu har almajirai suka kasa tashi don yunwa. A 484 ya komo gida ya tsufa, a 479 ya rasu, yana ganin aikinsa bai ci ba. Bayansa aka tattara maganganunsa cikin wani littafi mai babi 20, ana kiransa Lunyu.

Abin da ya koyar

Akwai wata kalma da ta yawaita a bakinsa, junzi. Kafinsa ma'anarta ɗan sarki. Shi ya juya ta, ya mai da ita sarautar hali: junzi shi ne wanda ya gyara kansa, ko ɗan wane ne. In za a mai da ita Hausa ba sai an wahala ba, mutumin kirki ke nan. Wani Bature masanin Hausa, Kirk-Greene, ya buga ɗan littafi a 1974 a kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki, ya jera gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Da za a karanta wa Malam Kong wannan jeri, da ya gyaɗa kai.

Murhunsa duwatsu uku ne. Na fari suna kiransa ren, watau tausayi da son mutane. Da wani almajiri ya nemi kalma ɗaya da za ta ishe shi guzuri har mutuwa, sai ya hore shi da ya riƙa auna mutane da mudun da yake auna kansa. Na biyu li, watau ladabi: yadda ake gaisuwa, da zama gaban manya, da cin abinci, da ɗaurin aure, da binne mamaci, da miƙa hadaya. A wurinsa tausayi kamar ruwan rijiya ne a lambu, ba ya isa ga albasa sai an yi masa hanya, ladabi kuwa shi ne hanyar. Amma ya gargaɗi almajiransa cewa hanya ba ruwa aikin banza ce. A wurin makoki baƙin ciki na gaskiya ya fi yawan shagali.

Na uku shiyao, watau biyayya ga iyaye, shi ya ɗauka tushen sauran. Ya ce masu ganin ciyar da iyaye ya isa su tuna ana ciyar da kare da doki ma, girmamawa ce ta raba. Al'adarsu ɗa ya yi wa mahaifinsa makoki har shekara ta uku. Wani almajiri ya ce hakan ya yi yawa, shekara ɗaya ta isa. Malam Kong ya tuna wa sauran cewa shekara uku jariri ke yi a hannun iyayensa kafin ya sauka. Mu da aka goya kusan shekara biyu kafin yaye, wannan lissafi ba baƙo ba ne gare mu. Duk da haka bai ce ɗa ya zama kurma ba: in uba ya karkace, ɗa ya yi masa nasiha da tattausar murya, in bai ji ba ya sake, ba tare da raini ba.

Bayansa da shekara ɗari da ɗoriya aka yi Malam Meng, wanda ya lissafa igiyoyi biyar da suka ɗaure jama'a: sarki da talaka, uba da ɗa, miji da mata, wa da ƙane, aboki da aboki. Kowace igiya baki biyu gare ta, na sama yana da nasa nauyi kamar na ƙasa. Shi ne ya ce an haifi mutum da ƙwayar alheri, hujjarsa kuwa ita ce duk wanda ya ga yaro zai faɗa rijiya gabansa zai faɗi, ko bai san iyayen yaron ba. Wani malami, Shunzi, ya musa, ya ce itace ne karkatacce, sai horo ke miƙe shi. Amma duka biyu sun haɗu a kan makaranta ita ce magani.

A kan mulki suna da wani labari. Wai Malam Kong ya iske wata mace tana kuka a bakin kabari, a gindin dutsen Tai. Ta ce damisa ta kashe surukinta, ta kashe mijinta, yanzu ta kashe ɗanta. Aka tambaye ta don me ba ta ƙaura ba, ta ce ai nan ba azzalumin hakimi. Ya juya ya ce wa almajirai su riƙe wannan. Ya kuma koyar cewa cikin abinci da makamai da amanar talakawa, in tilas sarki ya rasa biyu, to, ya riƙe amana. Wanda ya karanta littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da na ƙanensa Abdullahi a kan mulki zai tarar su ma zalunci suka ɗauka shi ne gatarin da ke sare sarauta.

Shi da Sama

To, duk wannan hali ne da ladabi. Ina addini? Malam Kong yakan ambaci Tiyan, watau Sama. Ba sararin gajimare yake nufi ba. Tun gidan Jou Sinawa sun ɗauka akwai wani iko a bisa wanda ke ba sarki mulki aro, ya karɓe in ya yi zalunci. Malam Kong ya ce wanda ya saɓa wa Sama ba shi da wurin kai kuka. Sa'ad da mutanen Kuang suka kewaye shi, ya kwantar da hankalin almajirai da cewa in Sama ba ta nufi ilmin mutanen dā ya ɓace ba, babu abin da waɗannan za su iya. Ran da Yan Hui, almajirin da ya fi so, ya rasu, ya yi kuka mai tsanani yana cewa Sama ta gama da shi.

Amma fa bai taɓa cewa an yi masa wahayi ba. Ya ce shi mai isar da abin da ya tarar ne, bai ƙago kome ba. Bai yi zancen Aljanna ko Wuta ba. Da wani almajiri ya tambaye shi yadda ake yi wa ruhohi hidima, da abin da ke bayan mutuwa, sai ya mai da shi baya, ya nuna masa bai gama koyon hidimar masu rai ba tukuna, bai kuwa gama sanin rayuwa ba. Shawararsa ita ce a girmama ruhohi, a kuma yi nesa da su. Duk da haka ya ce in za a yi wa kakanni hadaya a yi ta da zuciya ɗaya, kamar suna zaune a wurin. Limamai kuwa babu. Maigida shi ke yi wa gidansa, sarki shi kaɗai ke yi wa Sama. Kun ga inda gizo ke saƙa: ga Sama ba wahayi, ga hadaya ba limami, ga kabari ba labarin lahira.

Yadda sarakuna suka ɗauke shi

Wanda bai sami sarki ɗaya ba yana da rai, ya sami ɗaruruwa bayan ya mutu. Da fari an tsananta. A 213 kafin haihuwar Annabi Isa sarkin da ya fara haɗa Sin ƙasa ɗaya ya sa aka ƙone littattafai. Amma a 195 sarkin fari na gidan Han ya je Cufu da kansa ya miƙa hadaya don girmama shi, a 136 kuma Sarki Wu ya naɗa malaman fāda na littattafai biyar da mabiyansa ke karantarwa. Bayan haihuwar Annabi Isa, a 630, aka ba da umurni a gina masa ɗaki a makarantar kowace gunduma. Tun wajen 605 har 1905, shekara 1300 ke nan, ana ɗaukar ma'aikatan sarki ta hanyar jarrabawa, daga 1313 kuma aka tsayar da ita a kan littattafai huɗu da sharhin Malam Ju Shi. Ɗan manomi in ya ci, yana iya zama gwamna.

A ɗakunan nan sau biyu a shekara, da bazara da kaka, gwamna da malamai da ɗalibai sukan taru, a yanka dabbobi, a ƙona turare, a durƙusa a buga goshi ƙasa. A 1530 wani sarki ya sa aka kwashe siffofin Malam Kong daga ɗakunan hukuma, aka sa allon itace mai ɗauke da sunansa. A gidaje ma haka: kowane kaka da ya rasu yana da allonsa, ana aje masa abinci, ana buga masa goshi. Ku lura da abu ɗaya, gama a kansa rigimar ta tsaya. Irin wannan durƙuso shi Basinen wancan zamani ke yi wa ubansa mai rai, da alƙali, da sarki.

Gardamar Rum

A 1583 wani limamin Katolika mutumin Italiya, Matteo Ricci, na ƙungiyar Jezuwit, ya shiga Sin. Ya koyi harshen har ya iya rubuta littafi da shi, ya haddace littattafansu, ya sa tufafin malamansu, a 1601 ya sami izinin zama a Bejin. Ra'ayinsa shi ne Sinawan dā sun san Ubangiji da sunan Sama, Malam Kong kuwa malamin hali ne kamar masu hikimar Yunanawa, durƙuso gaban allo kuma godiya ce da tunawa. Saboda haka ya bar wa waɗanda suka karɓi baftisma yawancin al'adun nan. Da haka ya sami manyan mutane irin su Shu Guangci, wanda ya taya shi fassara littafin lissafi na Yuklid a 1607. Ricci ya rasu a 1610.

Bayansa waɗansu limamai na ƙungiyoyin Dominikan da Faransiskan suka iso, suka zauna cikin ƙauyuka. Abin da suka gani dabam ne. Sun ga manomi yana roƙon allon kakansa ya ba shi ɗa namiji, ya kawar masa da cuta. Suka ce wannan bautar gumaka ce, suka kai ƙara Rum. A 1645 aka hana, a 1656 aka sassauta. Gaskiyar magana, kowane ɓangare ya ga abin da ya gani: Jezuwit malamai suka tambaya, su kuwa waɗannan talakawa suka zuba wa ido.

Sarki Kangshi yana son Jezuwit saboda ilmin taurari da lissafi, har a 1692 ya ba Kirista izinin yin addininsu. A 1700 suka tambaye shi, ya tabbatar a rubuce cewa ana girmama Malam Kong ne don shi malami ne, ana yi wa kakanni hadaya ne don tunawa, ba don roƙon wani abu ba. Rum ba ta yarda sarkin da ba Kirista ba ya yanke mata hukunci ba. A 1704 Paparoma Kilemen na 11 ya hana al'adun. A 1706 Kangshi ya kira wani bishop Bafaranse, Maigrot, wanda shi ne kan gaba wajen hani, ya nuna masa haruffa huɗu da ke rubuce a wani allo a zauren, ya ce ya karanta. Bai iya karanta su duka ba. Sarki ya yi mamakin mutumin da bai ƙware a rubutunsu ba ya zo yana hukunta littattafansu, ya sa aka fitar da shi daga ƙasa.

A 1715 Paparoma ya ƙara ƙarfafa hanin. A 1721 Kangshi ya karanta takardar, ya rubuta cewa gara Turawa su daina wa'azi a Sin. Ɗansa ya cika aikin a 1724: aka karɓe majami'u, aka kori 'yan mishan, sai masu aikin fāda aka bari. A 1742 Rum ta rufe maganar, ta sa kowane ɗan mishan ya yi rantsuwa. Wanda ya sha wuya shi ne Basine Kirista: in ya durƙusa gaban allon ubansa an fitar da shi daga jam'i, in ya ƙi danginsa su ce ɗan banza ne, hanyar jarrabawa kuma ta toshe masa. Sai a watan Disamba 1939, zamanin Paparoma Piyus na 12, aka ce tun da hukumar Sin ta bayyana al'adun nan na girmamawa ne, Katolika na iya sunkuyawa gaban hoton Malam Kong da gaban mamaci.

Musulmin Sin

Kada ku zaci Kirista kaɗai suka gamu da tambayar. Tarihin gidan Tang ya rubuta zuwan jakadun Halifa Usmanu a 651, fatake Larabawa da Farisawa kuma suka yi ta zuwa ta teku da ta tudu. Da zamani ya yi nisa jikokinsu suka koma magana da Sinanci, suka shiga jarrabawa. Sai malamansu suka ga in ba a rubuta addini da harshen ƙasa ba, yara za su tashi ba su san shi ba. A 1642 Wang Daiyu na birnin Nanjin ya buga littafin bayanin Musulunci da kalmomin mabiya Malam Kong. Sinawa na cewa a yi wa sarki amana, a yi wa iyaye biyayya. Shi ya yarda da biyun, amma ya sa biyayya ga Allah a gabansu.

Bayansa aka yi Liyu Ji, shi ma Bananjine, wanda ya karanta littattafan Sinawa da na Larabci da na Farisanci, ya yi rubutu a farkon ƙarni na 18. Ya jera shika-shikan Musulunci biyar ya kira su hanyar Sama, ya jera igiyoyin nan biyar na Malam Meng ya kira su hanyar mutane, ya ce Musulmi na ƙwarai shi ne ya cika duka biyu. Malaman nan sun yaba wa Malam Kong a kan hali, amma sun ce littattafan mabiyansa sun gajarta wajen tauhidi da makoma. Ba su aje allon kakanni ba; ziyarar kabari da karatun Alƙur'ani da sadaka suka tsaya a madadinsa. Ba a ce kullum lafiya aka zauna ba, gama a ƙarni na 19 an yi munanan yaƙe-yaƙe tsakanin Musulmi da hukuma a Yunnan da arewa maso yamma. A ƙarshen ƙarnin kuma wani alhaji, Ma Wanfu, ya komo daga Makka yana sukar al'adun Sinawa da suka shiga cikin Musulmi, irin su fararen tufafin makoki. Watau su ma ba su gama gardamar ba.

Zamanin baya-bayan nan

A 1912 sarauta ta faɗi a Sin. A 1913 waɗansu suka nemi a rubuta cikin tsarin mulki cewa hanyar Malam Kong ita ce addinin ƙasa, ba a yarda ba. Wajen 1919 samari 'yan makaranta suka taso mata, suka ce ita ta danne mata, ta rufe bakin yara, ta bar ƙasa a baya. Ƙarar tasu tana da ƙamshin gaskiya, domin masu iko sun daɗe suna riƙe da bakin igiya ɗaya, suna neman biyayya, suna mance nasu nauyin. A 1966 'yan jan kwamiti na zamanin Mao suka auka wa Cufu, suka farfasa duwatsun tarihi, suka tone kaburburan zuriyarsa. Amma a 1994 aka sa wurin cikin kayan tarihin duniya, daga 2004 kuma hukumar Sin ta shiga buɗe cibiyoyin koyar da Sinanci da sunansa, har da na jami'ar Awka da ta Legas. Ga abin mamaki: cikin addinai biyar da hukumar Sin ta amince da su babu hanyarsa, amma ƙasar Indunusiya, inda Musulmi suka fi yawa, ta lissafa ta cikin addinanta shida.

Mu fa?

Kada ku ce labarin nesa ne. A 1352 Ibn Batuta ya je Mali, ya ga Musulmi masu kiyaye salla suna zuba ƙasa a ka gaban sarki, abin ya dame shi. Shehu Usmanu ya soki wannan al'ada ta afi a ƙasar Hausa. A garin nan namu, zamanin da ake watsa tafsirin Shaihu Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello ta rediyo, da bayan an kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, gardama ta shiga gidaje a kan durƙusa wa manya, da sadakar uku da bakwai da arba'in. Waɗansu suka ce ladabi ne, waɗansu suka ce ya yi kama da abin da Allah kaɗai ake yi wa. Ku kuma 'yan makarantun mishan, da yawanku kakanninku sun sha irin wannan tambaya a kan dodo da giyar makoki sa'ad da suka karɓi baftisma. Rigimar da ta raba Rum da Bejin ita ce takan raba ɗa da uba a zaure.

Ni ba mai fatawa ba ne, iyakar halal da haram ku tambayi malamanku da limamanku. Amma tarihi ya ba mu abu uku. Na ɗaya, ido ba ya rarrabe ladabi da bauta, gwiwa ɗaya ce ke yin su. Sai an tambayi mai yi abin da ya nufa, an kuma duba ko abin da malami ya faɗa shi jahili ke aikatawa. Na biyu, kada ka hukunta littafin da ba ka iya karantawa ba, kada a nuna maka haruffa huɗu ka yi shiru. Na uku shi ya fi shafarku. In addininka ya hana ka wata siffar gaisuwa, to, siffar ya hana, girmamawar tana nan wuyanka. Musulmin Sin da suka bar allo ba su bar iyayensu ba, sun sa wani abu a gurbinsa. Na sha ganin yaro ya komo hutu, ya tsaya ƙiƙam a kan ubansa, hannu cikin aljihu, ya ce wai shi ya waye, ko wai shi ya san sunna. Wannan bai gyara hanyar ruwa ba, rijiyar ya cike.

Saura amsar yarana biyu. Annabi dai shi da bakinsa bai ce shi ne ba. Gunki kuwa bai roƙi kowa ya mai da shi ba, ko da yake an yi waɗanda suka wuce gona da iri a kansa, kamar yadda akan yi a kan manyan mutane a ko'ina. Malamin makaranta ne, maraya, wanda ya gaskata akwai iko a bisa mai ganin zalunci, ya kuwa ƙare ransa yana koya wa yara yadda za su zama mutanen kirki. Abin da ya yi daidai da addininku na maganarsa ku ɗauka, abin da ya saɓa ku bar masa.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya haɗa mana shi da ladabi, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Haza wasalam.